Misalin da Ka Yi da Mijina

Kanya Babba,
Ƙaramar Hukumar Babura.
Yuni, 2023.

Zuwa ga ƙanena Mu'azzam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na fara da sallama domin haƙƙinka ce a kaina, ko raina yana so ko ba ya so. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Nafisat da yara, da fatan kuma kasuwa tana motsi. Allah ya tsare ku a Legas, ya ba ku lafiya mai amfani, ya raba ku da sharrin mutum. Mu nan da sauƙi. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero har ya fara rufe ƙasa. Ƙafar Iya ta yi dama, yanzu tana takawa har gidana ba mai riƙe ta. Matar babban yaron nan ta sauka lafiya, an sami mace, aka mayar da sunan Iya. An yi suna an watse ban aiko maka ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Na ga kiranka a waya ba sau ɗaya ba, da gangan na ƙi ɗauka. Na san ka tun kana goye. A waya kai ne mai magana, kafin mutum ya kai ƙarshen zancensa ka tare shi da bayani, ka yi ta jero dalilai har ya manta abin da ya kawo shi. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban motar ragunan da za ta taso gobe. Takarda ba ka da yadda za ka katse ta. In ka ga dama ka yaga, amma sai ka karanta tukuna, don na san halinka, ba ka iya barin abu a rufe.

Maganar bidiyonka ce. Ana gab da azumi, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na ƙidayar jama'a da aka ce za a yi, ina cikin madafi ina tuƙa tuwo Bilqis ta shigo da waya a hannu ta ce wata ƙawarta ta turo mata, wai ga Kawu Mu'azzam yana jawabi a taron 'yan kasuwar Arewa na Legas. Da murna ta kawo mini. Na goge hannu na karɓa, na gan ka cikin babbar riga, ka yi ƙiba, ana ta yi maka tafi. Ka ce dole idan masu ƙidaya sun zo a tambayi kowa ko ɗan ƙasa ne, a kuma tambaye shi inda aka haifi ubansa, ya kawo shaida. Ka ce sai an yi haka mutanen Kudu za su daina cewa da 'yan Nijar muke cika lissafinmu, su daina kiranku baƙi a cikin ƙasarku. Har zuwa nan ban ga laifinka ba. Ra'ayi ne, kuma a nan ma ana ta yinsa. A majalisar mai shayi wasu suna cewa a tambaya, wanda ba shi da abin ɓoyewa ya amsa. Wasu suna cewa in aka fara wannan tambaya a bakin iyaka, tsofaffin da ba su taɓa riƙe takardar haihuwa ba za su kulle ƙofa su ƙi fitowa, a ƙirga mu da ragi, a yi mana rabon asibiti da makaranta da ragi. Maza sun yi ta musu, aka tashi kowa ya tafi gidansa.

Amma kai ba ka tsaya a nan ba. Ka ɗaga hannu ka ce ba da nisa za ka je neman misali ba, a cikin gidanku ma akwai. Ka ce mijin yayarka a ƙasar Magarya aka haife shi, ubansa ɗan Nijar ne, amma ga shi yana zaune a Kanya Babba da katin zaɓe a aljihu, yana noma ƙasar Najeriya, 'ya'yansa suna cin gurbin 'ya'yan ƙasa. Ka kama sunansa. Yakubu ka ce, ko Malam ba ka sa ba, mutumin da ya girme ka da shekaru masu yawa. Aka yi maka kabbara, wani a bayanka yana cewa ga mai gaskiya wanda bai bar na gida ba. Bilqis tana tsaye a kaina tana ji. Na miƙa mata wayar na koma kan tukunya, ban san abin da nake tuƙawa ba.

Bari in tuna maka wanda ka yi misali da shi, tunda da alama Legas ta shafe maka. A shekarar babban fari aka shigo da Malam garin nan, yana goye a bayan mahaifiyarsa. Ita 'yar Gwiwa ce, aure ya kai ta tsallake, mijin ya rasu, ta dawo wurin yayanta da yake zaune a nan Kanya. Bai san ƙauyen da aka haife shi ba sai da ya girma ya je gaisuwar mutuwa. A nan ya yi allo, a nan ya yi firamare, a nan aka binne mahaifiyarsa. Bai taɓa ɓoye asalinsa ba, don ba wanda ya ɗauke shi abin ɓoyewa. Gidaje nawa ne a unguwarmu da ba su da kaka ko gwaggo a tsallake? Ranar kasuwar Babura da sefa da naira ake ciniki, kai ma ka yi dillancin awaki a can kafin ka tafi. Lokacin da Baba ya rasu kana ƙarami, wannan mutumin ne yake ɗora ka a keke ya kai ka bakin titi ka hau motar Kazaure ka tafi makaranta, in an yi hutu ya je ya taro ka. A ɗakin zaurensa ka kwana har ka yi aure. Ba gori nake yi maka ba, shi ma bai taɓa yi ba. Ina so ne ka san da bakin wa aka yi masa wannan abu.

Ga abin da ya biyo baya, tunda ka ce wa Iya ba ka ga abin tayar da hankali ba. Ka san ƙungiyar manoman riɗi ta garin nan. Bana ne za a sake shugaba, dattawa suka ce Malam suke so, don shi ya daɗe yana yi musu wahalar neman iri da taki. Muhammadu Lawal, na gidan bayan masallacin Juma'a, shi ma yana so, kuma ya san ba zai samu ba. Ranar taron, a filin firamare, mutane sun cika, aka ba shi dama ya yi magana. Sai ya ciro waya ya kara a bakin lasifika. Muryarka ce ta fito, garin nan kaf ya ji. Da ta ƙare ya ce shi ba shi ya faɗa ba, surukin mutum ne ya faɗa, wanda ya fi kowa sanin cikin gidan. Ya ce ƙungiya tana hulɗa da hukuma, in aka ji baƙo ne shugabanta za a iya hana su taki gaba ɗaya. Waɗanda suke wurin sun ce Malam ya miƙe a hankali ya ce duk abin da Mu'azzam ya faɗa game da inda aka haife shi gaskiya ne, kuma ba ya so a rasa buhu ɗaya na taki saboda shi, don haka ya janye. Ya sa takalmansa ya taho gida. Da ya shigo ruwa kawai ya nema. Daga bakin maƙwabta na ji abin da ya faru.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye, don shugabancin ƙungiya wahala ce kawai. Amma akwai Bilqis. Ka san ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, ka san tun tana ƙarama ba ta da buri sai wannan. Cikin takardun da aka ce ta kawo akwai shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma sai mai unguwa ya sa hannu kafin a wuce da ita gaba. Shi ya sa wa yayyenta biyu hannu a baya, ko tambaya bai yi ba. Wannan karon da Malam ya je, sai ya yi ta sosa ƙeya, ya ce a ɗan jira magana ta kwanta. Ya ce bidiyon ya zagaya har Kazaure da Roni, in ya sa hannu yanzu za a ce yana sayar wa 'yan Nijar takarda, rawaninsa ne zai tafi. Ban zage shi ba, tsoro ne ya kama shi, kuma kai ka ba shi abin tsoron.

Madam Angelina ta asibitin garin nan, wadda take koya wa Bilqis karatun jarrabawa da yamma, ita ta tambayo mana wani lauya ɗan cocinsu. Ya ce a dokar ƙasa wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce shi ma ɗan ƙasa ne, ko a ina aka haife shi. Muka ji daɗi, Malam ya hau babur ya tafi Gwiwa wurin dangin mahaifiyarsa, tsofaffi biyu suka biyo shi don su yi shaida. Da suka je wurin mai unguwa aka ce musu ba a musun zamansa ɗan ƙasa, amma takardar asali uba take bi, ba uwa ba. Aka yi ta kai su ana kawo su cikin azumi, da zafin nan, tsofaffi a bayan babur. Sai bayan Sallah, da liman ya sa baki da kansa ya ce shi zai ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya, sannan aka sa hannu. Bilqis ta ɗauki takardar ta tafi da ita da murna. Ta tarar an rufe karɓa. Aka ce ta dawo baɗi ta sake jarrabawa.

Da ta dawo ba ta yi kuka a gabana ba. Tun kafin sakamako ya fito ta sayi farin yadi da kuɗin ƙunshin da take yi wa mata, ta kai aka ɗinka mata irin rigar ma'aikatan jinya, ina yi mata faɗa cewa ta yi gaggawa. Ranar ta ciro rigar daga akwati ta ba ni ta ce a yanka wa jaririyar yayanta. Daga nan ta tambaye ni abu ɗaya, wai Kawu ya san tana neman makarantar nan lokacin da ya yi jawabinsa? Na so in yi mata ƙarya don in rufa maka asiri, na kasa. Na ce ka sani. Kai ne ka fara kiranta ka yi mata addu'a ranar da ta zana jarrabawar.

Na saurari saƙon murya da ka turo wa Iya. Ka ce ba da mugun nufi ka yi ba, misali ne kawai, kuma an yanke inda ka ce mutumin kirki ne. Na nemi cikakken na gani. Gaskiya ne, ka ce mutumin kirki ne. Daga nan ka ce amma doka doka ce, ba ta san suruki ba. Wannan wurin ne ma aka fi yi maka tafi. Don haka kada ka ƙara cewa an yanke maka magana. Kuma a duk tsawon saƙon nan ban ji inda ka ce a ba Malam haƙuri ba. Abin da na ji shi ne mutanen ƙauye ba su fahimci siyasar ƙasa ba.

Ban manta abin da aka yi maka a can ba. Na tuna shekarar da aka rushe muku rumfuna, aka tsare ka a hanya aka ce ka nuna shaidar kai ba ɗan Nijar ba ne, ka nuna kati aka ce na sayarwa ne, aka mare ka a gaban yaronka. Da ka kira ni kana ba ni labari, kwana na yi ban ci abinci ba. Malam ne ya tara mutane a masallaci aka yi muku addu'a. Na san wannan abin yana cin ka har yau, kuma na san shi ya sa kake son a yi tambayar nan, don a bambanta ku da waɗanda ake jingina ku da su. Amma dubi abin da ka yi da shi. Marin da aka yi maka ka ɗauko ka aiko mana gida. Waɗanda suka mare ka ko sunan Kanya Babba ba su sani ba, kuma ba su daina kiranka baƙo ba don ka miƙa musu mijin yayarka. Ka tambayi kanka ko akwai wanda ya canza maka kallo a kasuwa tun daga ranar.

Iya ta ba ni saƙo, kuma ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ce a tambaye ka, idan mai ƙidaya ya tsaya a ƙofarka ya ce ina aka haifi ubanka, me za ka ce masa? Baba, wanda garin nan ya sani da Malam Abatcha mai kanwa, daga wajen Damasak ya taso, wannan kowa ya sani. Amma ta ce mutanensu masu bin kogin da ya raba Najeriya da Nijar ne, rani a wannan gaɓa, damina a waccan, kuma ita da ta zauna da shi har ya koma ga Allah ba za ta iya dafa Alƙur'ani ta ce ga gaɓar da aka haife shi ba. Shi kansa bai sani ba. Da ya zo garin nan ko Hausa ba ya ji sosai, ana ce masa Babarbare ana dariya, aka ba shi wurin zama, aka ba shi gona, ba wanda ya ce ya kawo shaida. Wannan maganar daga ni sai Iya sai kai. Ka kwantar da hankalinka, ni ba na hawa mumbari da asirin gidanmu, kuma Muhammadu Lawal ba zai ji ta daga bakina ba.

Ni ban ce kada gwamnati ta san 'yan ƙasarta ba. In sun zo sun tambaye ni zan amsa, Malam ma zai amsa, kamar yadda ya amsa a filin firamare. Abin da na gani da idona shi ne tambayar ba ta jira masu ƙidaya ba. Ta riga su isowa, ta faɗa hannun mai neman kujera da mai jin tsoron rawaninsa. Ƙidayar ma ka ji an ɗage ta, ba a sa rana ba. Ba wanda ya zo ya ƙirga kowa. A duk faɗin ƙasar nan, gida ɗaya na sani da aka yi wa tambayar da kake so, kuma gidana ne.

Saura maganar gonarka. Bayan taron nan mutanen Muhammadu Lawal sun fara cewa baƙo ya riƙe gonar gadon marayu yana ci, suna nufin rabonka na wajen rafi da Malam yake noma maka tun da ka tafi. Da maganar ta iso kunnensa, ya kira dattawa biyu, ya sa aka kai Iya a babur, ya zagaya da su iyakar gonar, ya nuna musu kowace bishiya, ya ce ya mayar da amana a gaban shaidu. Geronka na bara yana cikin rumbun Iya, ba a taɓa ba. Na roƙe shi ya bari a shuka ko wake ne don kada ƙasa ta zauna haka, ya ce a'a. Iya kuma ta hana yaran gidan nan sa fartanya a ciki. Yanzu duk wanda ya bi hanyar rafi zai ga gonaki sun yi kore dama da hagu, taka a tsakiya ciyawa ta cinye. Mutane suna tambaya, ana ba su amsa. In kana son ta, ka zo ka nome ta, ko ka aiko wanda ka tabbatar da inda aka haifi ubansa.

Na ji kana shirin zuwa Babbar Sallah. Gidan Iya gidanku ne, ba ni da ikon hana ka. Amma kada ka tako ƙofata da tsarabar Legas kana dariya kamar ba a yi komai ba, don zan bar ka a tsaye a zaure, kuma ba na so yara su ga haka. In gyara kake so, ba a waya ake yinsa ba. A bainar jama'a ka kama sunansa, a bainar jama'a za ka wanke shi. Ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a bayan an sallame, inda waɗanda suka ji muryarka a lasifika za su ga fuskarka, ka faɗi abin da mutumin nan yake a wurinka. Wannan ba zai dawo wa Bilqis da shekararta ba, ba kuma zai sa in manta ba. Amma zan iya ba ka ruwa in ka shigo. In kuwa ka ga girmanka na sakataren 'yan kasuwa ya fi ƙarfin haka, to ka yi Sallarka a Legas, ka aiko wa Iya abin da za ka aiko ta hannun direba.

Ka gaishe mini da Nafisat da kyau, ka ce mata ba ni da komai da ita, na san ba da shawararta ka yi ba. Ka shafa mini kan Khadijat da ƙannenta. Iya tana gaishe da jikokinta, ta ce a turo mata hotonsu. Gwaggo Halimatu Sadiya ta Yankwashi ta zo suna, ta tambaye ka, na ce kana lafiya, ban ƙara komai ba. Malam ya same ni ina rubutun nan, ya tambayi wa nake rubuta wa, na faɗa masa. Ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ya tarin ƙaramin yaronka, ko an dace da magani. Na rubuta ne don ya umarce ni, ba don ka cancanta ba. Bilqis tana tsakar gida tana wanki. Na leƙa na ce mata takardar Kawu ce, ko tana da saƙo. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan wankinta. Ban tilasta mata ba.

Wassalam.

Yayarka,
Ma'u Abatcha.